Linzamin Kyauta da Cinikin Biri a Sama

A kasuwar hatsi akwai al'adar gyara. Sai mai awo ya cika mudu, mai saye ya gani da idonsa, an daidaita a kan farashi, sannan a ɗebo ɗan tafi a ƙara masa. Gyara yana zuwa ne bayan ciniki ya faɗa, kuma daga cikin hatsin da aka auna ake ɗebo shi. Abin da ake yi wa mai sayen kwamfutar tebur ya ari rigar gyara ne kawai. Daga titin Beirut a Kano zuwa Banex a Abuja, har kasuwar kwamfuta ta Ikeja, maganar guda ce: ga cikakken saiti, uwar kwamfuta da allon kallo da allon rubutu da linzami, wani lokaci har da lasifika da firinta, duka a kuɗi ɗaya, kuma ƙananan kayan “kyauta ne”. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa. Kuɗin linzamin yana cikin jimlar, kuma jimlar ce aka ƙera domin kada mai saye ya tambayi farashin kowane abu shi kaɗai.

A nan matsalar take. Wanda aka ba shi farashi ɗaya a kan kaya biyar ba ya iya kwatanta shago da shago, domin babu saiti biyu masu kama da juna. Wannan ya sa allo mai inci 19, wancan ya sa mai inci 22 amma ya rage ƙwaƙwalwar aiki, na uku ya ƙara lasifika ya sauya ma'adanar SSD da tsohon faifai mai juyawa. Mai saye, ko da likita ne ko lauya, yana fita da tunanin ya yi ciniki, alhali abin da ya taya shi ne yawan kwalaye. Ɗan kasuwa kuwa ya san ainihin kuɗin kowane yanki, ya kuma san wanda zai rage wa inganci ba tare da an lura ba.

Masana'antar kwamfuta ta san ƙarfin wannan dabara tun da daɗewa. Har zuwa 1969 kamfanin IBM yana haɗa na'ura da manhaja da hidimar kulawa a farashi ɗaya. Sai a shekarar, gwamnatin Amurka na tuhumarsa da danne abokan gasa, ya fara raba su, kuma rabawar ta taimaka wajen buɗe kasuwar manhaja mai zaman kanta. A 2004 Tarayyar Turai ta ci tarar Microsoft Yuro miliyan 497, ɗaya daga cikin dalilan shi ne cusa manhajarsa ta kallon bidiyo a cikin Windows. Shagon unguwa ba IBM ba ne, kuma ba wanda zai kai shi kotu a kan linzami. Amma hikimar ba ta sauya ba: idan aka ɗaure mai kyau da maras kyau a igiya ɗaya, mai kyau ne ke sayar da maras kyau.

A duba abin da aka fi ɗaurewa. Akasarin kwamfutocin tebur da ke kasuwanninmu na hannu ne, waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka sallama, irin su Dell OptiPlex da HP EliteDesk. Wannan ba aibi ba ne. Na'urori ne masu ƙarko da aka yi domin aikin ofis. Aibin yana cikin yadda ake sayar da su. Za a ce wa mutum “Core i5 ce”, kamar sunan ya isa shaida, alhali Intel na amfani da wannan suna tun 2009. Lambar farko bayan ɗan layin ita ce ke nuna zamani: i5-4570 ta zamani na 4 ce, ta 2013, i5-8500 kuwa ta zamani na 8 ce, ta 2018. Bambancin ba na alfahari ba ne. Microsoft ya dakatar da tallafin yau da kullum na Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 a hukumance yana buƙatar guntun tsaro na TPM 2.0, sannan a ɓangaren Intel yana neman zamani na 8 zuwa sama, in ban da 'yan tsiraru. Ofishin da ke riƙe da bayanan marasa lafiya ko takardun shari'a, in ya sayi na'urar zamani na 4 yau, ya sayi abin da facin tsaro ya bari a baya. Wannan ita ce tambayar da ta kamata ta cinye rabin lokacin ciniki. Amma wa zai yi ta, bayan hankali ya koma kan lasifika mai fitilu shuɗi da ja?

Sai allon kallo, wanda shi ne babban abin takaici. Ma'aikacin da ke zaune awa bakwai ko takwas a gaban kwamfuta ba uwar kwamfutar yake kallo ba, tana ƙarƙashin tebur tana shan ƙurar hunturu. Allo yake kallo, allon rubutu yake taɓawa, linzami yake riƙe da shi. Waɗannan ukun su ne ke haɗuwa da idonsa da wuyansa da wuyan hannunsa, kuma su ne a cikin saiti ake cikewa da abin da ya rage a ɗakin ajiya. Allo mai ɗigo 1366 a tsaye 768 yana ɗauke da ɗigo miliyan ɗaya da 'yan kai. Mai 1920 a 1080 yana da sama da miliyan biyu. Ga akanta mai aiki da jadawali mai ginshiƙai ashirin, wannan shi ne bambanci tsakanin ganin aikinsa gaba ɗaya da leƙensa ta taga. Yawancin tsofaffin allunan kuma da mahaɗin VGA kaɗai suke zuwa, fasahar da IBM ya fitar a 1987, alhali uwar kwamfutar na iya zuwa da DisplayPort ko HDMI. Sai a cike giɓin da ɗan abin canji na araha, wanda shi ne zai fara mutuwa.

Wani abin da masu saiti ba sa so a lura da shi: waɗannan kaya ba sa tsufa tare. Allo mai kyau yana iya ganin bayan uwar kwamfuta biyu. Allon rubutu mai kyau haka nan. Tun da mahaɗin USB ya fito a 1996 ya game duniya, kusan kowane linzami yana aiki da kusan kowace na'ura. Don haka wanda ke sauya tsohuwar kwamfutarsa, in aka tilasta masa saiti, ya biya kuɗin abin da yake da wanda ya fi shi a gida. Kamfanin Apple, wanda ba a san shi da rangwame ba, ya gina kasuwa a kan wannan gaskiyar lokacin da ya fitar da Mac mini a Janairun 2005 a kan dala 499, babu allo, babu allon rubutu, babu linzami, bisa hujjar cewa mai saye yana da su. Ba don tausayi ya yi ba, amma hujjar daidai ce. Rarar kuma ba ta ɓacewa. Rahoton hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta sharar kayan lantarki ta duniya a tan miliyan 62 a 2022, kuma ƙasarmu ta daɗe tana cikin wuraren da tsofaffin kayan wasu ke sauka. Ba ta buƙatar mu taya su tarawa.

Allon rubutu yana da tasa damuwar ga mai rubuta Hausa. Kayan hannu daga Turai suna zuwa da tsarin ƙasar da suka fito: na Faransa da Beljiyam yana farawa da AZERTY, na Jamus yana musanya gurbin Y da Z. Ga ma'aikaci a Maraɗi ko Damagaram mai rubutu da Faransanci, tsarin Faransa shi ne daidai. Ga sakatare a Zariya, wahala ce ta kullum, yatsa na neman A inda aka rubuta Q. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, ba sa kan ko ɗaya daga cikinsu; ana samun su ne ta saita tsarin Hausa a cikin Windows, kuma hakan ya fi sauƙi in maɓallan da ke ƙarƙashin yatsa sun dace da tsarin da mutum ya saba da shi. Mai haɗa saiti ba ya tambayar harshen da za a yi aiki da shi.

Game da firinta kuwa magana kaɗan ta isa. Firintar tawada da ake bayarwa a matsayin tukuici ƙugiya ce: na'urar araha, tawadar tsada, kuma in ta kwana biyu ba a buga komai ba bakinta ya bushe a zafin Afrilu. Ofis mai buga takardu da yawa firintar leza yake buƙata, ko mai tankin tawada, kuma wannan shawara ce da ake yankewa bisa yawan shafukan wata, ba bisa abin da ya shiga kwali ba.

Abin ban haushi shi ne, kayan haɗi guda ɗaya da ba a iya yi sai da shi a nan shi ne ake bari a waje, ko a sako mafi rauni. Kwamfutar tafi-da-gidanka tana da batir. Ta tebur ba ta da shi. Ɗaukewar wuta na daƙiƙa ɗaya, ko tsallen da ke tsakanin wutar Nefa da tashin janareta, ya isa ya hallaka aikin awa uku, a wasu lokutan har da tsarin fayilolin. Saboda haka na'urar UPS ba ƙari ba ce, wani ɓangare ne na kwamfutar. Ƙaramar UPS mai 650VA galibi batir ɗaya ne a cikinta, mai volt 12 da 7Ah, wato wajen watt-awa 84 a takarda. A aikace mintoci ne kawai, daidai na adana aiki a kashe na'ura cikin natsuwa. Batirin na dalma ne, zafi yana rage masa kwana, kuma yana lalacewa in ya daɗe a ajiye ba caji. UPS da ta shekara biyu a kan kanta kafin a ɗaure ta a saiti tana iya kunna fitila ta yi ƙara, amma ta faɗi a ɗaukewar wuta ta farko. Ba a kuma jona firintar leza a jikinta, domin abin da take ja lokacin ɗumama ya fi ƙarfinta.

Masu kare saiti suna da hujja, kuma ba ta wofi ba ce. Sabuwar kwamfuta daga masana'anta, wadda ta zo a rufe da allon rubutu da linzaminta, tana da garanti ɗaya da alhaki a wuri ɗaya. Wanda bai taɓa mallakar kwamfuta ba yana buƙatar komai a rana ɗaya. Cibiyar jarrabawa mai kujeru ɗaruruwa, irin waɗanda suka yawaita tun da JAMB ta koma jarrabawar kwamfuta gaba ɗaya a 2015, ta fi samun sauƙi in kayanta iri ɗaya ne, domin a musanya wanda ya lalace nan take. Duk wannan gaskiya ne. Amma hujja ce ta sayen kaya tare, ba ta sayensu a rufe ba. Ana iya ɗaukar komai a shago ɗaya, a mota ɗaya, kuma a nemi takardar da ta jera kowane abu da lambar samfurinsa da farashinsa. Ɗan kasuwa mai gaskiya ba ya asarar komai da wannan takarda. Wanda ya ƙi bayarwa ya riga ya amsa tambayar.

Inda abin ya fi muni shi ne sayayyar hukumomi da makarantu, inda mai saye ba shi ne mai amfani ba. Layi ɗaya a takardar kwangila, “saitin kwamfuta guda hamsin”, ƙofa ce a buɗe. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta ginu ne a kan gasa da samun daidai ƙimar kuɗi, amma babu gasa tsakanin 'yan kwangila uku in kowanne yana da tasa fassarar kalmar saiti. Mai duba kaya zai ƙirga kwalaye hamsin ya sa hannu, kuma bai yi ƙarya ba. Jami'in da ke rubuta buƙatar shi ne ke da ikon toshe ƙofar, da layuka shida maimakon ɗaya: zamanin na'urar sarrafawa, girman ƙwaƙwalwar aiki, nau'in ma'adana, inci da yawan ɗigon allo da irin mahaɗinsa, tsarin allon rubutu, sai ƙarfin UPS tare da sharaɗin a nuna ranar da aka ƙera batirinta a kuma gwada ta da cire filogi a gaban mai karɓa.