Hanyoyin Mayo Bani: A Yi Wa Ruwa Hanya Kafin A Zuba Kwalta

Garin Mubi na ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin ciniki a jihar Adamawa. Kasuwar shanunsa ta yi suna har ƙasashen Kamaru da Chadi, kuma daga nan ne ake lodin dabbobi da hatsi zuwa kudancin Nijeriya. Amma mafi yawan amfanin gonar da ake hada-hadarsa a kasuwannin garin yana shigowa ne daga gundumomin da ke kewaye, irin su Mayo Bani, ɗaya daga cikin gundumomi 11 na ƙaramar hukumar Mubi ta Arewa. Saboda haka batun gyaran hanyoyin irin waɗannan wurare ya shafi aljihun kowane ɗan kasuwa.

Lissafin a fili yake. Idan hanya ta lalace, direban a-kori-kura zai rage lodi, ya ƙona mai fiye da kima, ya kuma riƙa zaryar garejin makaniki. Duk wannan asara a kan buhun masara da gyaɗa da wake take ƙarewa. Manomi ya sayar da araha a bakin gona domin motoci ƙalilan ne ke isa wurinsa, mai saye a gari kuma ya biya da tsada. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, nauyin ya ƙaru ƙwarai a kan masu sufuri.

Babu mai musun cewa an kashe kuɗi a kan hanyoyi a wannan yanki. Bayan da 'yan Boko Haram suka mamaye Mubi a watan Oktoban 2014, aka kuma ƙwato garin a watan Nuwamban shekarar, gwamnatin Muhammadu Jibrilla Bindow, daga 2015 zuwa 2019, ta shimfiɗa titunan cikin gari da dama. Adamawa na cikin jihohin da suka amfana da kashi na biyu na shirin hanyoyin karkara na RAMP, wanda Bankin Duniya da hukumar raya ƙasashe ta Faransa suka tallafa wa. A shekarar 2017 kuma an kafa Hukumar Raya Arewa Maso Gabas. Abin tambaya shi ne, shekara nawa hanya ke yi bayan an yanke ƙyallen buɗe ta.

Sunan wurin ma darasi ne. A harshen Fulatanci, "mayo" na nufin kogi. Ƙasar Mubi tana gindin duwatsun Mandara ne, kuma da damina ruwa na gangarowa da ƙarfi yana neman kogin Yedzaram. Injiniyoyi sun daɗe da sanin cewa ruwa shi ne babban abokin gabar hanya. Idan ya kwanta a gefe, sai ya ratsa ƙarƙashin kwalta ya tausasa ƙasar da ke ɗauke da ita. Babbar mota ɗaya ta bi ta kai, sai rami ya buɗe. Hanyar burji mai kyakkyawar magudanar ruwa da kwalbatoci masu faɗi ta fi kwaltar da aka shimfiɗa ba tare da su ba daɗewa. Amma da yake kwalta ce ke ɗaukar ido ranar bikin buɗewa, a kan magudana ake fara rage kuɗi idan kasafi ya gaza.

Matsala ta biyu ita ce ta kulawa. Manyan hanyoyin tarayya suna da hukumar FERMA da aka kafa a 2002 domin gyaransu. Ƙananan hanyoyin da ke haɗa unguwanni da ƙauyuka kuwa nauyinsu na wuyan ƙananan hukumomi ne, waɗanda suka daɗe suna kukan cewa kuɗinsu na maƙalewa a asusun haɗin gwiwa da jiha. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Ya kamata 'yan kasuwar Mubi su riƙe wannan hukunci hujja, su nemi a ware wani kaso sananne a kasafin kowace shekara domin yashe magudanu kafin saukar damina da cike ramuka da zarar ruwa ya ɗauke. Gyaran rami tun yana ƙarami bai kai kuɗin sake gina hanya ba ko kusa.

Sai kuma tsarin zirga-zirga. Sabuwar hanya takan jawo masu rumfuna zuwa bakinta, tireloli su mayar da gefenta wurin kwana, masu Keke Napep su tsaya ɗaukar fasinja a tsakiyarta. Tilas ne tun a takardar tsara aiki a keɓe filin lodi da saukale, a kuma bar wa masu tafiya a ƙasa da garken dabbobi gefensu. Ƙungiyar direbobi ta NURTW da shugabannin kasuwa su ne suka san inda motoci ke cunkushewa ranar kasuwa, don haka a zauna da su kafin a ba da kwangila.

Su ma 'yan kasuwa akwai nasu haƙƙin. Lodin da ya wuce ƙa'ida yana cinye hanya cikin ɗan lokaci, haka nan zuba shara a lambatu. Wanda ke biyan kuɗin shiga a kasuwa da tasha yana da ikon tambayar inda kuɗin ke tafiya, yana kuma da ikon neman a kafa allo a bakin kowane aiki mai ɗauke da sunan ɗan kwangila, da tsawon hanyar, da ranar gamawa. Idan ƙungiyoyin 'yan kasuwar Mubi suka haɗa baki a kan waɗannan buƙatu, hukumomin da abin ya shafa za su saurara.