TOSHE TALLACE-TALLACEN INTANET: WA YA CI RIBA, WA YA YI HASARA?

A watan Janairun 2025 ne Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, watau NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da abin da bai wuce kashi 50 cikin 100 ba. Tun daga sa'an nan kuɗin data ya shiga jerin abubuwan da magidanci ke lissafawa a ƙarshen wata, tare da kuɗin cefane da na makarantar yara. Wannan ne ya farfaɗo da wata tsohuwar muhawara: shin daidai ne mai waya ya toshe tallace-tallacen da ke faɗo masa a shafukan intanet, tun da shi ne ke biyan kuɗin ɗauko su, ko kuwa yin haka zalunci ne ga masu shafukan?

Maganar ta shafi mutanen kudancin Jihar Katsina ƙwarai da gaske. Ƙasar Funtuwa da Malumfashi, haɗe da Bakori, Danja, Kafur da Dandume, ita ce rumbun masara da dawa da waken soya da auduga na jihar. Lokacin da aka kafa Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya cikin 1975, malamin gona da akwatin rediyo su ne hanyar da labarin taki da sabon iri ke isa ga manomi. Yanzu kuwa waya ta karɓi kaso mai yawa na wannan aiki. Da ita dillali ke jin farashin buhu a kasuwar Dandume, da ita ɗalibi ke neman gurbin karatu, da ita ma'aikaci ke karanta labarai. An ga matsayinta a fili cikin Satumban 2021, sa'ad da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda matsalar tsaro, ciki har da Funtuwa da Malumfashi, harkokin ciniki da na aika kuɗi suka shiga mawuyacin hali.

Yana da kyau a fahimci yadda abin ke aiki. Idan mutum ya buɗe wani shafi, ba rubutun da yake nema kaɗai wayarsa ke ɗaukowa ba. Tare da shi akwai hotuna da bidiyon talla daga wasu kamfanoni dabam, da kuma ƙananan manhajoji masu bibiyar sawunsa don sanin abin da yake sha'awa. Manhajar toshe talla tana riƙe da jerin adireshin waɗannan kamfanoni, sai ta hana burauza, watau manhajar shiga intanet, ɗauko komai daga wurinsu. Wasu burauzoji ma da matoshinsu suke zuwa. Opera Mini, wadda ta daɗe da karɓuwa a Nijeriya saboda tsimin data, ta sanya nata cikin 2016.

Amfani na farko dai a bayyane yake. Abin da ba a ɗauko ba, ba a biya kuɗinsa ba. A ƙauyukan da sabis ke da rauni, shafin da aka sauke wa kayan talla ya fi saurin buɗewa, batir kuma ya fi jimawa, abin da ba ƙaramin al'amari ba ne inda sai an biya mai shagon caji kafin waya ta tashi. Ɗalibin da ya sayi data ta kwana ɗaya don duba sakamakon jarrabawa yana da hujja idan ya ce bai yarda a ƙarar masa da ita a kan bidiyon da bai nema ba.

Amfani na biyu ya fi na farko nauyi, shi ne kariya. Cikin tallace-tallacen da ke yawo akwai na caca, da na masu ba da rancen gaggawa da ruwa mai tsanani, da na magungunan da aka ce suna warkar da kowace cuta, da na ƙaryar tallafin gwamnati ko ɗaukar aiki. Wasu kuwa da zarar an taɓa su sai su kai mutum shafin jabu mai kama da na bankinsa. Manomin da ya sayar da amfanin gonarsa da kaka, kuɗin shekara guda na zaune a asusunsa, kuskuren taɓawa ɗaya na iya raba shi da guminsa. Ba a nan kaɗai ake wannan fargaba ba. A Disamban 2022 hukumar binciken manyan laifuffuka ta Amurka, FBI, ta shawarci jama'a su riƙa amfani da matoshin talla, saboda 'yan damfara na sayen gurbin talla su yi shigar sanannun kamfanoni. Rigakafi, ba shakka, ya fi magani.

To, amma Bahaushe ya ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Labarin da ake karantawa kyauta, wani ne ya biya kuɗin mota ya je ya ɗauko shi. Manyan gidajen rediyon ƙetare masu sashen Hausa, irin su BBC da Muryar Jamus, kuɗin jama'ar ƙasashensu ne ginshiƙinsu, saboda haka toshe talla ba zai rufe su ba. Waɗanda abin ke yi wa illa su ne ƙananan jaridun Hausa na intanet, da shafukan da ke koya wa ɗalibai darussa, da matasan da ke shirya fina-finai. Misali na kusa shi ne tashar Bakori TV da ke YouTube, wadda ta fara nuna shirin Izzar So cikin 2020. A tsarin YouTube, mai tasha na samun kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallar da aka nuna a kan bidiyonsa. Duk wanda ya kalli shirin ta burauzar da ta toshe talla, ya sha kallo, mai shirin bai sami ko kwabo ba. Irin wannan hasara ce masu fina-finai suka daɗe suna kuka da ita game da shagunan da ke tura wa mutane fina-finai cikin waya. Daɗin daɗawa, abin da masu talla ke biya a kan mai kallo a Nijeriya bai kama ƙafar abin da suke biya a kan na Amurka ko Ingila ba, kuma mafi yawan masu karatun Hausa ba su da halin biyan kuɗin rajista na wata-wata. Idan talla ta yanke, babu wata madogara.

Akwai kuma wani batu da masu yabon matoshin talla ba su cika ambata ba. Ikonsa a cikin burauza yake. Alhali kuwa mafi yawan lokacin da mutane ke yi a waya, cikin manhajojin Facebook da TikTok da WhatsApp suke yin sa, inda matoshin burauza ba ya kaiwa. Kamfanin Meta ma ya ba da sanarwar shigar da talla cikin WhatsApp a Yunin 2025. Sa'an nan manyan damfarorin da suka cinye dukiyar 'yan Nijeriya, kamar MMM da ta rufe asusun mutane a Disamban 2016 da CBEX da ta rushe a Afrilun 2025, sun fi yaɗuwa ne ta bakin 'yan'uwa da abokai da zaurukan hira. Ke nan mai yiwuwa ne mutum ya toshe abincin ƙaramar jarida mai gaskiya, ɗan damfara kuwa ya shigo masa ta ƙofar da ya bari a buɗe.

A ƙasashen waje an kai ruwa rana a kan wannan al'amari. Kamfanin jaridu na Axel Springer ya kai masu manhajar Adblock Plus ƙara a Jamus, cikin 2018 babbar kotun tarayyar ƙasar ta ce toshe talla bai saɓa wa dokar gasar kasuwanci ba. Amma su ma masu Adblock Plus ba waliyyai ba ne, domin tun 2011 suke barin tallar da suka ce ba ta takura wa mutane ta wuce, manyan kamfanoni kuwa sai sun biya su. Kamfanin Google, wanda kusan kashi uku cikin huɗu na kuɗin shigarsa daga talla yake, ya matsa wa masu toshe talla lamba a YouTube cikin 2023, kuma daga ƙarshen 2024 burauzarsa ta Chrome ta fara kashe matoshin uBlock Origin. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

A gida kuwa doka ba ta rasa ba. Dokar 2022 da ta kafa Hukumar Kula da Tallace-tallace, ARCON, ta ba ta ikon tantance talla kafin a nuna wa 'yan Nijeriya, har da ta intanet, kamar yadda tallar magani ke bukatar izinin NAFDAC. Abin da ya rage shi ne aiwatarwa, musamman a kan tallar da ake yi da Hausa, wadda sai an sami ma'aikata masu jin harshen kafin a gane abin da ta ƙunsa.

Saboda haka bai kamata a ɗauki maganar a matsayin ko dai a toshe duka ko a bar duka ba. Kusan kowane matoshi yana ba da damar a keɓe shafukan da aka amince da su. Ya dace ma'aikaci ko ɗalibi ya toshe talla a shafukan da bai sani ba, ya buɗe wa jaridar da yake karantawa kullum. Su kuma masu shafuka lalle ne su rage nauyin tallarsu, su daina karɓar ta caca da ta maganin ƙarya, su nemi tallar 'yan kasuwar gida, irin su dillalan taki da iri da masu injin casa na Funtuwa da Malumfashi, waɗanda mai karatu ya san shagunansu. Malaman gona da malaman makaranta kuma su sanya gane tallar damfara cikin abin da suke wayar wa jama'a kai. Mai shafin da ya mutunta datar mai karatu, shi ne ke da bakin roƙonsa ya bar tallarsa ta wuce.