Mu Nemi Jirgi, Mu Kuma Nemar Wa Matuƙinsa Barci

Tun da ɓarayin daji suka addabi ƙasar Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, balle bayan da suka kwashe 'yan makarantar Ƙanƙara fiye da 300 cikin Disamba 1920 da ɗari, watau 2020, kukan jama'a ɗaya ne: a aiko da jirgin sama mai saukar ungulu. Manomin Daudawa in ya ji rugugin jirgin nan bisa gonarsa ta auduga sai hankalinsa ya kwanta. Kukan nan gaskiya ne. Amma akwai wanda muke mantawa da shi, shi ne ɗan Adam ɗin da ke zaune cikin jirgin.

Tuƙin wannan jirgi ba kamar na mota ba ne. Hannun dama yana riƙe da sandar da ke karkata shi, na hagu yana bisa wadda ke ɗaga shi ko sauke shi, ƙafafu biyu suna sarrafa farfelar wutsiya don kada jirgin ya yi ta juyi kamar katantanwa. Wajen sauka kuma iskar farfela takan tā da ƙura ta rufe wa matuƙi ido. Haka ta faru a Kabba ran 2 ga Fabrairu 2019, inda jirgin Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya faɗi, Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. To, wanda ya san ƙurar ƙasarmu da hazon hunturu ya san irin natsuwar da aikin ke bukata.

Masana sun auna abin da rashin barci ke yi wa natsuwar nan. A cikin 1997 Dawson da Reid na ƙasar Ostireliya suka nuna cewa wanda ya yi awa 17 bai runtsa ba, hannunsa da idonsa sukan yi nauyi kamar na wanda ya taɓa giya. In ya kai awa 24 sai ya zama kamar wanda ya bugu. Hukumar NASA ta Amurka kuwa ta gano cewa gajeren barci na wajen minti 26 yana dawo wa matuƙi da kuzari ƙwarai. Abin tsoron shi ne, mai gajiya yakan ɗauka garau yake.

Saboda haka ra'ayinmu shi ne, in Gwamnati ta sayi jirgi ɗaya, lalle ta tanadi matuƙa isassu da za su riƙa karɓeɓeniya, da ɗakin kwana mai sanyi kusa da fili. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Matuƙin da aka hana barci yana iya salwantar da jirgi, ko ya ɗauki masu jana'iza a kan ɓarayi.

Ku akawuna kun san darajar rajista: littafin awoyin tashi da na hutu ya kamata a tsare shi kamar littafin baitulmali, ba kara, ba sani ba sabo. Ku malamai kuwa, makarantar koyon tuƙin jirgi tana nan Zariya tun 1964. Ku dage wa yara da lissafi da Turanci, don 'ya'yan Daudawa su shiga cikin masu tsaron sararinta. Allah ya ba mu zaman lafiya, amin.