Filin Mata: Ina Dandalin Unguwarku Ya Tafi?

Makon nan za mu ɗan ajiye zancen girki da ɗinki, mu yi zancen fili. Ba filin da maigida ya ke tara kuɗi ya saya ni ke nufi ba. Ina nufin filin nan da ba shi da mai shi, wanda na kowa da kowa ne, inda yara su ke guje-guje, tsofaffi su sha inuwa, a kafa rumfa ran biki ko ran zaman makoki.

Kowace mai karatu ta tambayi kanta. In an taso daga Islamiyya da la'asar, ina yaran gidanta su ke wasa? In a cikin Kano ta ke, amsar ba ta wuce uku: ko a tsakar gida suna karya mata kwanuka, ko a lungu bakin kwata, ko kuwa a kan titi, suna buga ƙwallo suna kauce wa A Daidaita Sahu. Mu ne mu ke zaune da zullumi har su dawo. Mu ne kuma masu jinya in an ɗauko yaro da karaya. Saboda haka kada wata ta ce wannan magana ta maza ce.

Da ba haka garin ya ke ba. Wani Bature matafiyi, Kyaftin Kilafaton, da ya zo Kano cikin 1824, ya rubuta cewa gidaje ba su ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar da ke cikin ganuwa ba. Saura duk gonaki ne da lambuna. Ba sai mun koma can nesa ba ma. Ku tambayi kakanninku, za su gaya muku kowace unguwa tana da dandalinta. In wata ya yi fari 'yan mata su fito gaɗa, samari suna langa da kokawa a gefe, iyaye kuwa suna jiyo su daga cikin gida, hankali kwance. Ga kuma kududdufai birjik, inda aka haƙi ƙasar gini. Ƙazanta gare su, ba na musu, sauro ma a nan ya ke haihuwa, amma su ne su ke shanye ruwan sama in an yi mamako.

To, me ya cinye su? Jama'a ta yi yawa, fuloti ya yi tsada. Kududdufi sai a yi ta zuba masa shara har ya cike, wata rana a wayi gari an kafa tubali. Badala, wadda aka fara ginawa tun zamanin Sarki Gijimasu, shekara ɗari tara ke nan ko kusa, an yi ta gutsurarta ana gini. A bayan gari kuwa sai awon igiya: mai gona ya yanka gonarsa ƙananan fulotai ya sayar, ba wanda ya ce masa ya bar wurin makaranta, balle wurin wasa. Hanyar ma da ƙyar a ke barin wadda mota za ta bi. Ruwan da a da ya ke tafiya kududdufi, yanzu ɗakunanmu ya ke shiga.

Ba wai ba a taɓa yin shiri ba. An yi. Wani masanin tsara gari, Mista Trevallion, ya zana wa Kano da kewayenta shirin shekara 20, daga 1963 zuwa 1983. Yau kuma akwai hukumar tsara birane ta jiha, wadda a ke kira KNUPDA. In gwamnati za ta buɗe sabuwar unguwa, safiyo ya kan fitar da taswira, ya nuna nan gidaje, nan kasuwa, nan makaranta, nan asibiti, nan kuma fili a bar shi fili. Wannan na ƙarshe shi ne maraya. Makaranta tana da hedimasta mai kāre ta, masallaci yana da liman da jama'arsa. Filin wasa kuwa ba shi da kowa. Shekara biyar ya zauna ba katanga ba itace, sai wani ya duba ya ce ai ga wuri nan yana zaman banza.

In kuwa aka riga aka gina, karɓowa ba ƙaramin aiki ba ne. Kun tuna abin da ya faru a Filin Idi na Ƙofar Mata. An gina shaguna a gefensa. Cikin 2023 sabuwar gwamnati ta rushe su, ta ce filin jama'a ne. Masu shaguna suka kai ƙara, kotun tarayya ta yanke a biya su diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Ba shari'a na zo yi ba, ban kuwa ce wane ne mai gaskiya ba. Abin lura a nan shi ne, 'yan kasuwa sun yi asara, baitulmali ya yi asara, an bar ƙiyayya a tsakanin mutane. Wannan fa filin da dukan gari ya sani ke nan. Ina ga ɗan ƙaramin fili na bayan gidanku?

Yanzu bari mu zo kan wanda alhakin ya ke wuyansa, gama mata da yawa ba su sani ba. Tun 1976 aka soke En'e aka kafa ƙananan hukumomi. Akwai 774 a ƙasar nan, 44 a Jihar Kano, takwas daga cikinsu su ne su ka haɗu su ka yi birnin da kewayensa: Birni, Dala, Gwale, Fagge, Nassarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Tsarin mulki na 1999 ya jera ayyukan ƙaramar hukuma ɗaya bayan ɗaya. A cikinsu, wuri guda da gyaran tituna da magudanan ruwa da fitilun kan hanya, an ambaci wuraren shan iska da lambuna da filayen jama'a. Watau ba alfarma ba ce ciyaman zai yi muku. Aikinsa ne, kamar yadda kula da kasuwa da maƙabarta su ke aikinsa.

Amma ga inda gizo ke saƙar. Dokar ƙasa ta 1978 ta sa dukan ƙasar cikin birni a hannun Gwamna. Shi ke ba da takardar mallaka, shi kuma ke da ikon soke ta saboda amfanin jama'a. Ƙaramar hukuma sai a ƙauye ta ke da ta cewa kan ƙasa. Ashe ke nan a birni an ba wani aikin kula da fili, filin kuwa yana hannun wani. In kun je wurin wannan ya ce ku je wurin wancan. Don haka duk mai neman a tsare fili tilas ta ƙwanƙwasa ƙofa biyu: ta jiha don a tabbatar da shi a takarda, ta ƙaramar hukuma don a yi masa aiki.

Sai zancen kuɗi. Daga asusun tarayya, ƙananan hukumomi duka suna da kashi 20 da 'yan kai cikin 100. Shekara da shekaru kuɗin nan ta asusun haɗin gwiwa da jiha ya ke biyowa, ciyamomi kuwa suna kukan ba ya iso musu cikakke. Ran 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye, ko da ya ke bayan hukuncin an daɗe ana ja-in-ja kan yadda za a aikata. Abin da ya iso kuma, albashi ya kan lashe mafi yawansa, musamman na malaman firamare da ma'aikatan asibiti. Ba wadda za ta ce a hana malami albashi don a dasa itace. Amma ku sani fili ba ya cin kuɗi kamar titi. Turakun siminti a kusurwa huɗu, gajeriyar katanga ko waya, allo mai suna, darbejiya ashirin, benci biyu, fitila ɗaya mai aiki da hasken rana. Shi ke nan.

Akwai wani abu da matan aure za su gane fiye da kowa. Kasafin kuɗin hukuma kashi biyu ne: kuɗin sabon aiki, da kuɗin yau da kullum. Kamar kayan ɗaki ne da kuɗin cefane. Manya sun fi son na farko, domin shi ne a ke yanka ƙyalle a ɗauki hoto. Shi ya sa za ku ga an buɗe lambu da kaɗe-kaɗe, an kafa lilo mai fenti, bayan damina biyu lilo ya karye, awaki sun cinye shuka, 'yan shaye-shaye sun tare. Ba a sa kuɗin mai gadi ba, ba a sa na mai shara ba, ba a sa na ban ruwa ba. Darbejiya kuwa in ta sami ruwa da kariya rani biyu ko uku, ta kama ke nan, ba ta ƙara neman kome a wurin kowa. Maƙwabtanmu na Yamai sun dasa ta da yawa tun daga 1965, su ka yi wa garin ɗamara da itatuwa, amma da gari ya bunƙasa, masu yanka fuloti da masu saran itace sun ci wuri mai yawa a ciki. Dasawa kaɗai ba ta isa ba.

A wasu ƙasashe mutanen gari su kan ɗora wa kansu kuɗin da kansu. A Amurka akwai wani gari, Bolda, a Jihar Kwalorado. Cikin 1967 mutanensa su ka jefa ƙuri'a, su ka yarda a ƙara ɗan haraji kan saye da sayarwa, santi 40 cikin kowace dala 100, a keɓe shi don sayen filaye a bar su haka nan. Da wannan ɗan ƙaramin abu, da ƙarin da aka yi daga baya, garin ya tara fiye da eka 45,000, da hanyoyin ƙafa sama da mil 150. Ban ce a ƙara mana haraji ba, wanda a ke karɓa ma ya ishe mu. Dabarar ita ce keɓewa: kuɗin fili na fili ne, ba a taɓa shi don wani abu. A Ingila kuma, mai gina rukunin gidaje majalisar gari ta kan ɗora masa sharaɗi ya bar wurin wasa ko ya biya kuɗinsa kafin a ba shi izini. Wannan kam ba abin da zai hana a yi shi a Kumbotso ko Ungogo, inda har yanzu akwai sauran gonaki. Mu ma muna da tamu hanyar, watau waƙafi. Attajiranmu suna gina masallatai suna haƙa rijiyoyi, Allah ya saka musu. Da ma wani zai ba da fuloti biyu ya rubuta cewa na yaran unguwa ne har abada.

Kada mu manta da hanyar ƙafa. Ku 'yan makaranta kun fi kowa sanin wahalarta. An yi titi mai faɗi, an yi gada sama, amma gefen da mutum zai taka babu, ko kuwa akwai shi masu tireda sun baje a kai. Lungu kuma kowa ya ɗan matso da dakalinsa da ramin masai, har makara ba ta wucewa sai an karkata. Likitoci suna gaya wa masu hawan jini da ciwon suga su riƙa tafiya rabin sa'a, kwana biyar a mako. Ina mace za ta yi wannan tafiya? Mafi yawanmu sai bayan magariba mu ke fita unguwa. Lungu mai daɓe da fitila ya fi mana amfani da wani katafaren lambu a bayan gari. Gidan Zu da aka yi zamanin Gwamna Audu Baƙo wuri ne mai kyau, amma sai an shiga mota, sai an biya kuɗin ƙofa, yawancin yara sai da Salla su ke ganinsa. Wasa kuwa kullum ne.

To, ga abin da za ku yi. Ku fara da duba ko akwai sauran fili ko kududdufi a unguwarku. 'Yan makaranta su auna shi da taki, tsawo da faɗi, su zana shi a takarda da gidajen da ke kewaye. A tambayi mai unguwa na wane ne, domin kada ku je ku yi rigima a kan gadon marayu. In unguwar ta safiyo ce, tana da lambar taswira, a nemi a ga abin da aka rubuta a kan wurin. In kududdufi ne, kada ku roƙi a cike shi. Ku roƙi a yashe shi, a kewaye shi yadda yaro ba zai faɗa ba, a hana zuba shara.

Sa'an nan a rubuta takarda da sunan ƙungiya, ko ta Islamiyya ko ta adashi ko ta iyayen yara, kowa ta sa hannu, wadda ba ta rubutu ta dangwala. Kofi ɗaya ga mai unguwa ya kai wa hakimi, ɗaya ga kansila, ɗaya ga ciyaman, ɗaya ga hukumar tsara birane, ɗaya kuma ku adana a ƙarƙashin akwati. Kowane ofis aka kai, a sa su buga hatimi a kan naku. Wadda ba ta fita, ta sa maigida ko wa ko ɗa, amma ta jira ya ci abinci tukuna kafin ta ɗauko zancen.

Ku lura da lokaci. Shekarar kuɗin hukuma tana farawa ne cikin Janairu, kasafi kuwa a watannin ƙarshen shekara a ke tsara shi. Takardar da ta isa cikin Maris, amsarta ita ce babu a kasafi. Ku kai taku tun Satumba. In kansila ya ce an sa, ku tambaye shi nawa aka sa, a wane shafi, kuma ko da kuɗin mai gadi a ciki.