Ra'ayinmu: Cacar Hokin Ƙanƙara da Aljihun Ɗalibi

Duk wanda ya ratsa ɗakunan kwanan ɗalibai bayan tsakar dare, tsakanin watan Oktoba da na Afrilu, zai tarar da wasu 'yan'uwanmu idonsu biyu, kowa ya duƙufa a kan wayarsa. In ya ce karatun jarrabawa suke yi, to, ya kyautata musu zato. Sakamakon wani wasa suke jira wanda ake yi a Toronto ko Boston, inda ƙarfe 7 na yamma a can take daidai da 12 ko 1 na dare a nan. Wasan kuwa shi ne hoki na kan ƙanƙara, wanda galibinmu ba mu taɓa ganin filinsa ba, amma kamfanonin caca suka jera shi a cikin wayoyinmu domin ya cike gurbin da ƙwallon ƙafa ke bari idan Turai ta yi barci. Tun da yake masu kiran kansu gwanaye sun cika mana kunne da dabarun cin wannan caca, mun ga ya wajaba mu ma mu shimfiɗa tushenta filla-filla, domin Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Wasan dai na mutanen ƙasashen sanyi ne. A birnin Montreal na Kanada aka fara yin sa bisa tsari a cikin rufaffen ɗaki a 1875, kuma a nan ne aka kafa babbar gasarsa, watau NHL, a 1917. Gasar tana da ƙungiyoyi 32, bakwai a Kanada, 25 a Amurka, kuma a kakar 2024 zuwa 2025 kowace ta yi wasa 82 kafin a shiga zagayen neman Kofin Stanley. Mutum shida ne a kowane gefe har da mai tsaron gida, suna sulɓi a kan ƙanƙara da takalma masu kaifin ƙarfe, suna kora wani ɗan faifan roba da sanduna masu lanƙwasa. Wannan faifai shi ne ƙwallonsu. Ana yin wasan kashi uku, kowane kashi minti 20. Idan aka yi kunnen doki sai a ƙara minti 5, mutum uku-uku ban da masu tsaron gida, in kuma ba a rabu ba a koma bugun ɗaya da ɗaya.

Hanyoyin cacar da aka fi sani huɗu ne. Ta farko ita ce mutum ya zaɓi wanda zai yi nasara, har da ƙarin lokaci. Ta biyu ta tsaya ga minti 60 na ainihi kaɗai, a cikinta akwai kunnen doki, saboda haka ƙungiyar mutum tana iya cin wasa a ƙarin lokaci alhali kuwa kuɗinsa sun riga sun tafi. Ta uku ita ce ta rata, inda ake ɗora wa ƙungiya mai ƙarfi bashin ƙwallo 1.5, watau tilas ta ci da ratar biyu ko fiye. Ta huɗu kuwa ta jimillar ƙwallayen da za a zuba ce, ko za su haura wani adadi, galibi 5.5 ko 6.5, ko za su gaza.

Su kuma gwanayen, shawarwarinsu ba su wuce 'yan kaɗan ba. Suna cewa a jira a ji wane mai tsaron gida ne zai tsaya, domin sau da yawa ba a bayyana shi sai ranar wasa. Suna cewa a lura da ƙungiyar da ta yi wasa jiya za ta sake yi yau bayan doguwar tafiya. Suna kuma tunatarwa cewa ƙungiyar da ake ci da ƙwallo ɗaya takan janye mai tsaron gidanta a mintunan ƙarshe ta sako ɗan gaba, ta bar raga wayam, abin da kan mayar da ratar ɗaya ta koma biyu cikin ƙiftawar ido. Ba mu musa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Tambayarmu ita ce, wane ne bai san su ba? Kamfanin da ya yanka farashin yana da ma'aikata da na'urori da ba su da aiki sai wannan, kuma kafin labari ya ƙetaro teku ya iso Samaru ko Dundaye, an riga an zuba shi a cikin farashi.

Bugu da ƙari, wasa ne da sa'a ke da babban rabo a cikinsa, saboda ƙwallayen ba su da yawa, kuma faifan yakan bugi takalmi ko sanda ya canza hanya. A gasar Olamfik ta 1980 a Lake Placid, samarin jami'o'in Amurka sun ci gwanayen Tarayyar Sobiyet 4 da 3. A 2019 ƙungiyar Tampa Bay Lightning ta ci wasa 62 cikin 82, kana ta shiga zagayen farko na neman kofi, Columbus Blue Jackets ta lallasa ta sau huɗu a jere. A 2023 Boston Bruins ta ci wasa 65, abin da ba a taɓa yi ba, amma Florida Panthers ta fitar da ita tun a zagayen farko, bayan Boston tana gaba da wasa 3 da 1. In manazartan da suka tashi a kan ƙanƙara sun sha kunya a waɗannan ranaku, ina ga wanda sunayen ƙungiyoyin kawai ya sani?

To, mu ajiye sa'a gefe mu ɗauki alƙalami, tun da mu ɗalibai ne. A ɗauka ƙungiyoyi biyu ƙarfinsu ɗaya, kamfani ya ba kowace ninkin 1.91, wanda farashi ne da aka saba gani. Audu ya zuba naira 1,000 a kan wannan, Tanko ya zuba 1,000 a kan waccan. Kamfani ya karɓi 2,000, ya biya wanda ya dace 1,910, ya soke 90 a aljihu, ko wa ya ci. Wannan kashi 4.5 cikin ɗari ke nan. A irin wannan farashi, sai mutum ya canka daidai fiye da sau 52 cikin 100 kafin uwar kuɗinsa ma ta dawo.

Abin ya fi muni a dogon tikiti, wanda shi ne abin ƙaunar masu ƙaramin jari. Wanda ya haɗa irin waɗannan wasanni goma a tikiti ɗaya, damarsa ɗaya ce cikin 1,024, amma in ya dace ninki 646 za a biya shi. Ashe rabon kamfani ya tashi daga kashi 4.5 ya kai wajen kashi 37. Ƙaramin ma'aikacin da ke zuba naira 2,000 kowane dare a irin wannan tikiti ya juya 60,000 a wata, kuma bisa lissafi wajen 22,000 daga ciki sun zama na kamfani, in ma har ana biyansa jefi-jefi, alhali kuwa mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne. Wannan lissafi ba a rubuta shi a allon talla, hoton wanda ya ci miliyan kaɗai ake mannawa.

Su kansu masu wasan sun daɗe da ɗanɗana ɗacin abin. A 1948 hukumar NHL ta kori Billy Taylor da Don Gallinger daga gasar saboda caca. A 2018 Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokar da ta hana jihohi halatta cacar wasanni, Kanada kuma ta halatta caca a kan wasa guda a 2021, nan da nan tallace-tallace suka mamaye talabijin, har da fuskar Wayne Gretzky, gwarzon wasan. Ba a je ko'ina ba, a 2023 aka dakatar da Shane Pinto na Ottawa Senators wasa 41 saboda keta dokar caca, a 2024 kuma lardin Ontario ya hana amfani da 'yan wasa wajen jawo mutane zuwa cacar intanet. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Mun san addinin Musulunci ya haramta caca ƙarara, malaman Kirista ma ba su gushe suna gargaɗi a kanta ba. Mun kuma ga yadda Hukumar Hisbah ta Kano ta rufe shagunan caca da dama a 2024. Sai dai shagon da ke cikin aljihu ba shi da ƙofar da za a sa wa kwaɗo, don haka maganin tilas ya fito daga cikinmu.

Saboda haka muna kira ga Ƙungiyar Ɗalibai da kada ta karɓi tallafin kowane kamfanin caca a bukukuwanta da wasanninta, komai tsananin buƙata. Muna roƙon ɗaliban lissafi da na tattalin arziki su shirya lacca ga sababbin ɗalibai a farkon kowace shekara, su warware musu wannan ƙididdiga a kan allo. Muna kuma kira ga ofishin kula da ɗalibai ya buɗe ƙofa ga wanda abin ya riga ya kama, ya saurare shi a asirce ba tare da tozartawa ba, domin kunya ce ke sa mai bashi ya sake zubawa da fatan ya fanshe.

Ga ɗan'uwan da ke riƙe da waya a daren nan kuwa, muna tuna masa inda kuɗin suka fito. Wataƙila buhun gero aka sayar, ko tunkiyar mahaifiya, ko kuwa rancen karatu ne da za a biya nan gaba. Wanda yake sha'awar hokin ƙanƙara ya kalle shi, lalle wasa ne mai ban ƙaye, amma ya bar kuɗin rajista inda suke. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya sa mu gane.