Tauye Mudu a Cinikin Intanet

A kasuwar hatsi, ko ta Dawanau ce a Kano ko kuwa ta ƙauye mai ci mako-mako, ba a doguwar jayayya a kan abin da ake kira tiya. Mai saye yana tsaye ake auna masa. Idan ya ga gindin mudu a doke, ko ya ga an shafe kansa fiye da kima, sai ya yi magana, maƙwabtan mai awo su ji, in abin ya ci tura a kai gaban Sarkin Kasuwa. Abin da ya sa wannan tsari ya ɗore shi ne hajar ana ganinta, ma'aunin kuma na kowa ne. To, ga shi yau an wayi gari da wata haja ta shigo gidajen mutane wadda ido ba ya ganinta, ma'auninta kuma yana hannun mai sayarwa. Wannan haja ita ce saurin intanet.

Yadda abin yake faruwa sananne ne. Magidanci ya ga talla cewa zai sami gudun megabit 20 a kowace daƙiƙa, ya sayi na'ura, ya biya kuɗin wata guda cur. Da asuba sai ya ga abu yana tafiya kamar ruwa a gangare. Bayan sallar isha'i kuwa, lokacin da kowa ya dawo gida kuma ake da bukatarsa, sai hoto ya tsaya cik, murya ta riƙa yankewa. Ɗalibar da take son sauke littafi, da malamin da zai aika sakamakon jarrabawa kafin wa'adi ya cika, da telar da take nuna ɗinkinta ga masu saye na nesa, duk sai su zauna zaman jira. Idan an kira kamfani, amsar ba ta wuce a kashe na'ura a sake kunnawa. Wata kuwa idan ya ƙare, ba a rage ko kwabo.

Mai karatu zai iya tambaya, shin wannan ba ƙarya ce tsagwaronta ba? Amsa ita ce, ta fuskar lafazi ba ƙarya ba ce, kuma a nan gizo yake saƙar. Duk wanda ya koma ya duba tallar da kyau zai tarar da wasu ƙananan kalmomi biyu na Ingilishi a gaban lambar, waɗanda fassararsu ita ce "har zuwa". A Hausa, kalmar "har" tana nuna iyaka ne, wato maƙurar da abu zai kai, kamar a ce ruwa ya kawo har gwiwa. Ke nan wanda ya ce zai ba da "har zuwa megabit 20" rufin ɗaki ya nuna, bai ce komai game da daɓen ba. Idan ya ba da 18 bai saɓa ba, idan ya ba da 2 ma bai saɓa ba. Sai dai ba haka mai sauraro yake fahimtar magana ba. Masanin falsafar harshe Paul Grice ya bayyana a 1975 cewa zance tsakanin mutane yana tafiya ne bisa zaton haɗin kai: mai sauraro yana ɗauka cewa mai magana zai faɗi gaskiya, zai faɗi gwargwadon abin da ake bukata, kuma abin da ya ambata yana da alaƙa da batun da ake ciki. Saboda haka idan aka rubuta 20 da manyan baƙaƙe, hankali yakan ɗauka cewa 20 ɗin ko abin da ya yi kusa da shi ne za a riƙa samu yau da gobe. Mai talla ya san da haka sarai. Da ma'anar da ake hararowa yake cin kasuwa, idan an zo ƙorafi kuma ya fake da ma'anar lafazi. Da a ce mai awo zai karɓi kuɗin tiya goma ya ce zai auna "har zuwa tiya goma", da ba wanda zai kwance bakin buhunsa.

Akwai kuma wani ruɗanin da ya rataya a kan harafi ɗaya tak. Ana tallar sauri da megabit, wanda ake taƙaitawa da Mb, amma girman littafi ko bidiyo ana auna shi da megabayit, wato MB, kuma bayit ɗaya bit 8 ne. Don haka gudun megabit 20 ba ya sauke fiye da megabayit biyu da rabi a daƙiƙa. Bidiyon darasi mai girman gigabayit 1 zai ɗauki kusan minti 7 idan an sami cikakken gudun da aka yi alkawari. Idan gudun ya faɗo zuwa megabit 4, zai haura rabin sa'a. Wannan ba laifin kamfani ba ne, domin haka ma'aunin yake a duk duniya, amma ba kasafai ake ganin mai talla ya wahalar da kansa wajen fayyace shi ba, tunda lambar da ta fi girma ita ta fi daɗin gani a allo. Haka nan kalmar "mara iyaka" take: sau da yawa akan tarar da sharaɗi a can ƙasa cikin ƙananan baƙaƙe, cewa da zarar an cinye wani adadi za a rage gudun har zuwa ƙarshen wata. Abin da yake da iyaka ke nan aka raɗa wa suna mara iyaka.

Adalci ne a saurari uzurin kamfanoni, domin suna da shi. Mafi yawan gidaje a Nijeriya ba ta waya intanet yake shigo musu ba, ta iska yake zuwa daga ƙarfen sabis na unguwa. Ƙarfin wannan turke kuwa kamar rijiya ɗaya ce ga unguwa guda, idan masu guga suka yi yawa sai kowa ya sami kaɗan. Nisa yana rage gudu, haka ma katangar siminti da rufin kwano. A cikin gida ma, na'urar da aka ajiye a bayan kabad, ko wayoyi takwas da suke ja a lokaci guda, suna iya cinye rabin abin da ya iso. Ga matsalar wutar lantarki wadda ta sa ake tafiyar da turaku da man dizil, ga masu aikin hanya da suke tsinka wayoyin da aka binne. Manyan wayoyin ƙarƙashin teku, irin su MainOne da Glo-1 waɗanda suka fara aiki a 2010, a Legas suka sauka, sai an sake jan waya ta kimanin kilomita dubu kafin a iso Kano. A watan Maris na 2024 kuwa, da wasu daga cikin irin waɗannan wayoyi suka lalace a gaɓar tekun Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama sun kwana biyu cikin tangarɗa.

Duk wannan gaskiya ne, amma ba ya wanke mai talla. Hasali ma shi ne hujja a kansa. Wa ya san yawan mutanen da aka ɗora wa turke guda? Wa yake da alƙaluman gudun da ake samu a kowace unguwa da ƙarfe tara na dare? Ba mai saye ba ne. Kamfani yana ganin waɗannan a kwamfutocinsa kullum, kuma shi yake yanke shawarar ci gaba da sayar da layuka a wurin da ya riga ya cika maƙil. Wanda ya san rijiyarsa guga goma take ɗauka, ya karɓi kuɗin mutum hamsin, ba zai kafa hujja da cunkoso ba, domin shi ya tara taron.

Wasu ƙasashe sun riga sun gane cewa maganin abin yana wurin gyara lafazi. A Birtaniya, ƙa'idar da ake bi tun 2012 ta yarda a rubuta "har zuwa" muddin kashi 10 cikin 100 na masu saye suna samun gudun. Ke nan mutum tara cikin goma suna iya rasa shi, tallar kuma tana nan halal. A watan Mayu na 2018 aka sauya: dole lambar da za a tallata ta zama wadda aƙalla rabin masu saye suke samu a lokacin cunkoso, wato daga ƙarfe 8 zuwa 10 na dare. Nan take tsarin da aka daɗe ana tallatawa da "har zuwa megabit 17" ya koma 10 ko 11. Ba a taɓa waya ko ɗaya ba, ba a rage wa kowa gudu ba, mudun ne kawai aka daidaita. A 2019 kuma hukumar sadarwar ƙasar, Ofcom, ta ƙarfafa wata yarjejeniya wadda manyan kamfanoni suka sa wa hannu, cewa za a faɗa wa mai saye mafi ƙarancin gudun da aka lamunce masa, idan ya gaza haka kuma ba a gyara cikin kwana 30 ba, yana da damar fita ba tare da tara ba.

Jamus ta ƙara taku. Dokar da ta fara aiki a watan Disamba na 2021 ta ba mai saye damar rage kuɗin da yake biya daidai gwargwadon abin da aka tauye masa, idan ya tabbatar da gibin ta hanyar awo 30 cikin kwana uku da manhajar hukuma. A Ostareliya kuwa, a watan Nuwamba na 2022 kotun tarayya ta ci tarar kamfanonin Telstra da Optus da TPG jimillar dalar ƙasar miliyan 33.5, saboda yaudarar masu saye game da saurin intanet na gida.

Nijeriya ba ta rasa hukumomi ba. Akwai Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, wadda take aiki da dokar 2003, tana kuma da lambar 622 ta karɓar ƙorafi kyauta. Akwai hukumar kare haƙƙin masu saye, akwai kuma mai kula da tallace-tallace. Shirin faɗaɗa intanet na ƙasa na 2020 zuwa 2025 ma ya sa burin samun aƙalla megabit 25 a birane da 10 a karkara. A lura da kalmar "aƙalla" a nan: masu tsara shirin sun san cewa da daɓe ake auna alheri. Abin da ya rage shi ne wannan kalma ta fito daga takardun gwamnati ta shiga allon talla da takardar ciniki. A watan Janairu na 2025 hukumar ta amince a ƙara kuɗin kira da na data da abin da bai wuce kashi 50 cikin 100 ba. Wannan ma wani "har zuwa" ne, sai dai masu biya sun ga yadda aka yi hanzarin taɓo rufinsa. Tunda an ba mai sayarwa damar ƙara farashi, ya wajaba a ɗaure shi da ma'auni.

Abin da ake bukata bai taka kara ya karya ba. A haramta tallata lambar da ba ita rabin masu saye suke samu da daddare ba. A tilasta rubuta mafi ƙarancin gudu da baƙaƙe masu girman na babbar lambar, a kuma fayyace iyakar duk tsarin da aka kira mara iyaka. Wani abin da ya kamata hukuma ta sa wa ido shi ne harshe. Akan ji talla a rediyo da Hausa mai daɗi, da kiɗa da kirari, amma sharuɗɗan suna can a rubuce da Ingilishin lauyoyi. An yi zawarcin mutum da harshensa, an ɗaura auren da harshen da ba ya ji. Duk harshen da ya isa a yi alkawari da shi, ya isa a faɗi sharaɗi da shi.

Kafin hukuma ta motsa, mai saye yana da ɗan abin yi, domin akwai manhajojin awon sauri na kyauta, irin su Speedtest. Sai dai awo ɗaya ba hujja ba ne. Ya kamata ya cire sauran wayoyin gida daga layin, ya zauna kusa da na'urar, ya auna da safe da rana da kuma bayan isha'i har tsawon mako guda, yana rubuta rana da sa'a da abin da ya samu. Da wannan takarda zai fara zuwa wurin kamfani ya karɓi lambar ƙorafi, idan ba a share masa hawaye ba sannan ya kira 622. Idan gidaje ashirin na layi ɗaya suka kai irin wannan takarda tare, zai yi wuya a ce wa dukansu su kashe na'ura su sake kunnawa.