Ranar Lahadi, Kowa da Mudunsa

 Kaka ta yi. Masara ta shiga rumbu, dawa na kan hanya, wake ya fara sauka a kasuwa. Yanzu ne lokacin, tun hatsi bai koma hannun 'yan ɓoye ba.

Ranar Lahadi ku waiga bencin baya. Akwai wata baiwar Allah da ke zama can kusa da ƙofa. Zanenta na Zumuntar Mata ya koɗe, amma kullum a wanke yake. Ita ce ke buga tulu idan mata suka tashi waƙa. Da an shafa addu'ar rufewa sai ta sulale, don kada wata ta ce za ta raka ta gida, ta tarar da murhu a sanyaye. Maigidan ya rasu, gonar tana can garin da suka gudo, ga yara huɗu. Ba za ta roƙe ku ba, irinsu ba sa roƙo. Kun san ta. Kowace ikilisiya na da tata, wata ma goma gare ta.

To, wa zai ciyar da ita a watan Agusta, sa'ad da rumbu ya ƙare, sabon amfani bai nuna ba, farashin mudu ya yi tashin gwauron zabo? Mu ne. Ni da kai da ke.

Abin da muke roƙo kaɗan ne: mudu ɗaya daga kowane gida, kowace Lahadi, har kaka ta wuce. Gida ɗari, mudu ɗari. Lahadi huɗu, mudu ɗari huɗu. Da yayyafi kogi kan cika. Mai masara ya kawo masara. Mai gero ya kawo gero. Ma'aikacin da ba ya noma ya biya kasuwa ranar Asabar ya auno. Wanda ba shi da ko tsaba ya zo da kafaɗarsa, akwai buhun ɗauka.

Wannan aiki gadonmu ne. Asibitin Vom yana karɓar marasa lafiya tun 1922. Asibitin ido na ECWA da ke Kano tun 1943. Na Galmi a Nijar tun 1950. Ku tuna 2014, da Mubi ta faɗa hannun Boko Haram, hedkwatar ikilisiyar EYN da ke Kwarhi ta tashi, jama'a suka kwararo Yola da abin da ke jikinsu kawai. Majami'ar St. Theresa ta buɗe ƙofa, dubban mutane suka kwana a harabarta. A 2021 Bishop Stephen Dami Mamza ya miƙa wa waɗanda ba su iya komawa gida ba gidaje 86 a Sangere-Marghi, da makaranta, da majami'a, har da masallaci domin Musulmin da ke cikinsu. Yunwa ba ta tambayi sunan kowa ba, su ma ba su tambaya ba.

Gaskiya ne, da yawa daga cikin waɗannan ayyuka da taimakon ƙetare aka yi su, Allah ya saka wa masu bayarwa. Amma kowa ya ga abin da ya faru a 2025, da gwamnatin Amurka ta rushe hukumar USAID. Mai jiran tuwon maƙwabci yakan kwana da yunwa.

Kada ku ji haushina, zan faɗi wata. Mun iya tara kuɗin tayil. Mun iya sayen lasifikar da ake ji har bakin kasuwa. Idan aka fitar da anko, kafin mako ya zagayo an ɗinke. Duk ba laifi ba ne. Amma ikilisiyar da ta iya waɗannan ba ta da bakin cewa mudu ya fi ƙarfinta.

Iyayenmu mata, ku kuka san gidan da hayaƙi bai tashi ba jiya. Ku rubuta sunayen, ku riƙe a tsakaninku. Dattawa, ku ware ɗaki mara yoyo, ku ɗora buhuna kan katako, waken kuma a zuba shi a buhun PICS mai leda biyu a ciki, a ɗaure tam, ƙwari ba za su ci ba. A sa makulli biyu a hannun mutum biyu. Kowane wata a karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a gaban jama'a, don zargi ne ke kashe irin wannan aiki, ba rashi ba.

Matasa, ku fito da baburanku! Ku kai da magariba, ku yi sallama, ku ajiye, ku juyo. Ban da hoto. Ban da Facebook. Gwauruwar nan uwar wani ce, kada ku sayi yabo da mutuncinta. In kun tarar gidan da ke jikin nata, na Musulmi ne ko na wanda bai taɓa taka majami'a ba, su ma tukunyarsu a kife take, ku auna musu da mudu iri ɗaya.

Ke malamar asibiti, ba mu Asabar ɗaya a wata ki auna wa tsofaffi jini. Kai tela, ɗauki maraya ɗaya ka zaunar da shi kan keke. Kai mai shago, sabulu sanda biyu, za a kai gidan yari.

Ku tashi! Ku faɗa wa fasto yau, ya sanar daga bagade. In ya manta, ku tuna masa. In kwamiti ya ce sai an zauna, ku ce a zauna, amma buhu na bakin ƙofa. Ku shanya, ku sheƙe, ku auna, ku cika shi har ya yi tozo. Ku ɗora wa yaro a ka ya shiga da shi da kansa, ya ga inda ake zubawa.

Lahadi mai zuwa, kada kowa ya zo sujada hannu rabbana. Ku zo da mudunku.